Inda Hayaƙin Yake Sauka

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da amaryarmu. Ya aiki, ya fama da jama'a? Mu nan lafiya lau, in ka cire bayana da ya ƙi ni, da kuma tarin Inna. Baban yara yana gaishe ka. Yara sun ce a tuna maka hoton da ka yi musu alkawari, na ce su ci gaba da jira, ni na san ƙanina.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, don hannun ma ciwo yake. Jikin Inna ya ƙi daɗi. Tun da aka karkato da manyan motoci ta titinmu tarinta bai kwanta ba. Ka san ɗakinta shi ne na gaba, tagarsa tana kallon titi, tirela in ta tsaya a mahaɗa tana huci sai ka rantse a cikin ɗakin take. In na rufe taga ta ce zafi, in na buɗe ta kama tari. Makon jiya na kai ta asibiti. Likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ya ƙara mata abin shaƙa, sannan ya ce in da hali a canza mata iska. Na ce likita, a wace kasuwa ake sayar da ita? Bai yi dariya ba.

Da na dawo gida sai na tuna wasiƙarka ta bara. Kai da hannunka ka rubuta cewa an sa muku sabuwar na'ura a tashar wutar, hayaƙi ya tafi, har amarya tana shanya fararen kaya a waje su bushe fari tas. Na ɗauko na sake karantawa, haka ka ce.

Auta, tun rasuwar Baba ni ce wanka, ni ce wanki, ni ce layin asibiti. Ɗinkin mutane ya taru a kan keke, masu kaya suna zuwa su gaishe ni da wata irin gaisuwa mai ƙaya. Ba gori nake maka ba, uwata ce, kuma ba na neman godiya. Amma na gaji, irin gajiyar da barci ba ya warewa. Ka karɓe ta, ko na ɗan lokaci ne, ta shaƙi iskarku ni ma in miƙe bayana.

Ka ba ni amsa da wuri, ba irin amsarka ta shekara ba.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na karanta a ɗakin aiki, na sake karantawa a gida. Muna lafiya. Amarya tana gaishe ki, ta ce a yi miki sannu da baya. Ki gaishe da Baban yara, ki ce wa yara hoton yana nan tafe.

Na jinkirta amsa ne don ban so in ce to da baki kawai. Maganarki gaskiya ce, kin ɗauki abin da ya kamata mu ɗauka mu biyu, kuma kunya ta hana ni faɗa tuntuni.

Abin da na rubuta miki bara haka yake, amma toka nake nufi. Na'urar tana kama baƙin da ke cikin hayaƙi kafin ya fita. Akwai wani abu da ba ta kamawa. Kwal in ya ci wuta sosai a cikin tukunya, zafin yana haifar da wata iska, a takarda sunanta naitrojin oksaid, mu a wurin aiki noks muke ce mata. Ba a ganinta a bakin bututu. Saboda irinta aka yi bututun da tsawo haka, ya jefa ta can sama ta watse. To amma duk da haka ba zan ajiye Inna a kwatas ba. Gidajen ma'aikata a gindin bututun suke, Yaya. Inuwarsa a kan rufinmu take faɗuwa, injina ba sa yin shiru, kofi ma in kin ajiye a tebur yana ɗan rawa. Wanda likita ya ce a canza masa iska ba za a kawo shi nan ba.

Ga abin da na yi. Akwai unguwa a kan tudu, can nesa da tashar, sai na yi tafiya mai kyau a babur kafin in isa. Na sami ɗaki biyu a gidan wata tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya. Ɗaya yana da babbar taga tana kallon fili, iska tana kaɗawa har labule ba ya zama wuri ɗaya. Daga can tashar ƙarama take, bututun kamar karan sigari a tsaye. Na tsaya a tagar na ja numfashi, na ce nan ne wurin Inna.

Dokar kamfani ita ce in ba ka kwana a kwatas sai ka mayar da makulli, don haka na mayar. Amarya ta ɗan yi mita saboda ƙawayenta, amma da ta ga tagar ta haƙura. Zan zo da kaina in ɗauki Inna a hutun ƙarshen wata. Ki haɗa mata magungunanta wuri ɗaya.

Ƙaninki,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan kun isa lafiya. Direba ya ce ya sauke ku ba matsala, sai dai Inna ta yi masa faɗa a kan gudu tun daga tasha har tasha. Na ce to da sauranta ke nan.

Zan faɗa maka wani abu, kada ka maimaita wa kowa. Ranar da kuka tafi na shiga ɗakinta in share, sai na zauna a bakin gadon, ban farka ba sai da yara suka dawo daga makaranta. Da tsintsiyar a hannuna. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba. Bayana ya fara sakina. Na gama kayan mutum uku da suka daina gaishe ni.

Ka faɗa wa amarya waɗannan, don Inna ba za ta faɗa ba. In ta ce ta ƙoshi, a bar kwanon kusa da ita a fita, za ta ci. Ba ta son a riƙe mata hannu a gaban baƙi. Abin shaƙarta tana ɓoye shi a ƙarƙashin matashi don ta ce yana sa ta rawar hannu, sai an tsaya a kanta. In ta fara kiran amarya da sunana kada ta ji haushi, ba raini ba ne, sabo ne.

Wannan noks ɗin naka ban gane kansa ba, kuma ba na son in gane. Tunda ka ce sama yake tafiya, Allah ya raka shi.

Ka rubuto mini yadda take kwana, yadda take tashi.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina ɗinki a duhu. Saƙonninki duk na isar, amarya ta ce ta riga ta gano maganar kwanon da kanta.

Da za ki ga Inna da kin yi mamaki. Na sa mata kujera a gindin tagar. Kafin in fita aikin safe nakan buɗe tagar gaba ɗaya in ce, Inna, ga magani kyauta, ki sha ki ƙoshi. Tana zama nan tun hantsi har rana ta take. Ta yi ƙawa da Malama mai gidan, suna hira ta taga, ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna gyara duniya. Ta sa an kawo mata gwangwanaye ta shuka wasu ganyayyaki a bakin tagar. Jiya na dawo na ji tana dariya tun daga ƙofar gida, rabon da in ji wannan dariyar tun Baba yana raye.

Tarin bai tafi ba tukuna. Amarya ta ce wajen hantsi yake taso mata, ya ɗan sa ta hawaye, da yamma ya lafa. Ina ganin sabon wuri ne, jiki sai ya saba. Malama ma ta ce ita haka take da safe, maƙogwaro yana yi mata ƙaiƙayi, tsufa ne.

Hanyar ce kawai take cin ƙarfina, hawa da sauka a babur kullum. Amma ba komai. Ki huta, Yaya, kin cancanta.

Auta.

*

Auta,

Ina fatan lafiya. Lafiyar ce ma nake tambaya, don shirun ya yi yawa. Wasiƙa biyu na aika ba amsa. Watanni sun shige, ruwa ya sauka ya ɗauke, kai ko gaisuwa. In aiki ne ya yi yawa, amarya ba ta da hannu? In biro ne babu, faɗa mini in aiko.

Mu nan ba laifi. Babbar 'yata ta koma ɗakin Inna da karatunta. Baban yara ya ce kada in tayar da hankalina, da wani abu ya faru da an ji. Ni kuwa na san ka. Tun kana yaro in ka yi shiru to ka fasa wani abu ne kana neman inda za ka ɓoye.

Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ki yafe shirun. Wasiƙunki sun iso, na kasa amsawa ne don ban san ta inda zan fara ba. Inna tana gida yanzu, da sauƙi. Amma sau biyu muka kwana da ita a asibiti tun wasiƙata ta ƙarshe. Na biyun sai da aka sa mata iskar roba a hanci. Na so in bari sai ta warware kafin in faɗa miki, kada in katse miki hutu.

Na rasa gane abin. Ga magani tana sha, ga abinci, ga iska. Likitan nan ya tambaye ni ko muna girki a ɗaki, na ce a'a. Ko akwai mai shan taba, na ce a'a.

Sai ran nan ina hutu da safe, na ga motar kamfaninmu ta tsaya a makarantar da ke jikin gidanmu. Suna ɗora wani akwatin ƙarfe a kan rufi. Na san injiniyar da ke tare da su, ita ce mai kula da awon hayaƙi a tashar. Na je muka gaisa, na ce ranki ya daɗe, me ya kawo akwatin awo har nan, ai kun baro tashar a baya.

Ta ce, "Ai nan ne wurinsa. Nan take sauka."

Na ce wace ce take sauka?

Ta dube ni, ta ce, "Kai da kake ɗakin tukunya kake tambayata?" Sai ta sa yatsa a ƙurar da ke kan motar ta zana mini. Ga bututu, ga hayaƙi ya tashi ya tsallake kwatas ta sama, iska ta ɗauke shi ya miƙe. Ta ce noks a bakin bututu ba ta da launi, sai ta yi tafiya a cikin iska take rinewa, kuma a lokacin ta fi cin ƙirji. Da sassafe tana shimfiɗe a sama. In rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, iska ta fara juyawa, sai ta jawo ta ƙasa. Tudun nan kuwa shi ne abu na farko da ya taso ya tare ta.

Na ce da wane lokaci ta fi yawa? Ta ce daga hantsi zuwa kafin azahar.

Ta juya ni ta nuna mini da hannu. Yaya, na gan ta. Wani siririn zare ruwan ƙasa, ba duhu ba, kamar shayin da aka cika wa ruwa, ya taso daga wajen tashar ya lanƙwaso kan unguwarmu. Watanni ina wucewa ta ƙarƙashinsa a babur, ban taɓa ɗaga kai ba. Na juya na kalli gidanmu, ga Inna a taga, tagar a buɗe kamar yadda na bar ta, tana ɗaga mini hannu.

Na tambayi injiniyar akwatin da ke kwatas fa, me yake nunawa? Ta ce ƙasa da na nan nesa ba kusa ba. Ta ce gindin bututu ƙara ce da shi, amma abin sama yake bi ta kansu. Ta tambaye ni ko ina da wani a nan. Na ce mahaifiyata, mai ciwon ƙirji. Sai ta goge zanen da tafin hannunta.

Yanzu muna rufe tagar da safe, Inna tana ta faɗa, ta ce mun kulle ta. Rufewar ma ba ta hana komai sosai, gidan ba silin. Na nemi haya a wani gefen, babu. Garin nan kwatas ne da tudu, ɗaya ɓangaren ramukan toka ne da kogi.

Yaya, na gaji. Ban san yadda zan roƙe ki wannan ba. Ki karɓe ta ta dawo wurinki kafin in sami mafita.

Ƙaninki,
Auta.

*

Auta,

Na ga wasiƙarka. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, kuma Allah ya saka mini, uwata ta kwana asibiti sau biyu ina nan ina ɗinka wa mutane riguna ban sani ba.

Na karanta dogon bayaninka har ƙarshe. Zane a kan mota, zare a sama, iskar da ba a gani sai an nuna wa mutum da hannu. Sannan can ƙasa na ga layin da ya fi duk sauran gaskiya: na gaji. Da ka fara da shi da ka rage wa kanka tawada.

Kai ka rubuto mini hayaƙi ya tafi. Kai ka rubuto ka ce ka tsaya a taga ka ja numfashi. Kai ka ce tana dariya. Yanzu da aka kwana biyu a kan bencin asibiti, an ɗanɗana abin da nake sha shekara da shekaru, sai ga wata iska ta sauko daga sama daidai kan tagar Inna, ta bar duk faɗin duniya. Kuma wai gindin bututun ya fi tudu lafiya. Auta, ni ban yi karatunka ba, amma ban haukace ba.

In amarya ce ta gaza, ka faɗa, ba zan ga laifinta ba, ba Inna ce ta haife ta ba, ba ita aka haifa mata ba. In kai ne, ka faɗa. Ni da na gaji ai cewa na yi na gaji, ban nemo injiniya ta yi mini zane ba.

Kuma ina za ta dawo? Titin yana nan, tirelolin sun ƙaru. Likita cewa ya yi a ɗauke ta daga nan. In dawo da ita ɗakin da ya kusa kashe ta don kai ka huta da hawan tudu?

Ba zan iya ba yanzu. Wallahi ba zan iya ba. Ka riƙe uwarka.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da baya, da yara. Inna tana nan, jiya da sauƙi, yau babu. Amarya ba ta gaza ba, ita ce ma take hana ni karaya.

Ba zan yi musu da ke ba. Da ni aka rubuto wa abin da na rubuto miki, ni ma ba lallai in yarda ba. Gajiyar da na ce ba da Inna nake ba, amma na ga yadda layin ya zauna a takarda, ba laifinki.

Bari in faɗa miki aikina, don ban taɓa faɗa ba. Ina zaune a gaban allo mai agogo da yawa. Da safe gari yana tashi, masana'antu suna kunna injina, sai waya ta yi ƙara a ce a ƙara wuta. Ni ne mai ƙarawa. In ƙara kwal, in ƙara iska, tukunya ta ɗau zafi. A gefen dama akwai wata allura da take nuna noks, da ban cika kallonta ba, don ba a tambayata ita. Yanzu ita kaɗai nake gani. In na murɗa ta hau, sai in duba agogon bango in lissafa lokacin da abin zai isa tagar. Na yi wa shugabanmu magana ko za a rage zafin da safe. Ya ce na'urar rage ta tana cikin tsarin shekaru masu zuwa, kafin nan mutane suna son wuta. Bai yi ƙarya ba. Kekenki ma da ita yake aiki.

Inna ba ta san komai ba. Duk wanda ya shigo gidan sai ta ja shi taga ta nuna masa bututun, ta ce ɗana ne yake hura wutar can, shi yake ba duk garin haske. Na kasa faɗa mata.

To ga inda ake. Na je neman ɗakina na kwatas don in koma da Inna can, an riga an ba wani abokin aikina, Dogo muke ce masa. Matarsa ta haihu kwanan nan, 'yar ta zo ba ta cika wata ba, ƙarama ce ƙwarai. Ƙarar injina tana hana ta barci. Da ya ji ina neman dawowa sai ya biyo ni da murna, ya ce mu yi musaya, shi ya hau tudu ni in sauko. Ofis sun yarda, Malama ta yarda.

Na faɗa masa, Yaya. Muna kan babur ina gaba yana baya, na ce Dogo, iskar can ba yadda kake zato ba ce, noks can take sauka. Ya yi dariya ya bugi kafaɗata, ya ce, "Kai dai ka fara jin rowar gidanka ne. Iskar da har labule take ɗagawa?" Ban maimaita ba. Na san ya kamata in tsayar da babur in kai shi wurin akwatin, in haɗa shi da injiniyar. Ban yi ba. Na ce a raina ai na faɗa.

Shekaranjiya suka zo ganin gidan. Matar ta tsaya a tagar Inna da jaririyar a kafaɗa, ta ce a nan za ta riƙa shanya ta da hantsi ta sha rana. Inna ta karɓi 'yar tana yi mata wasa.

Ƙarshen wata za mu yi musayar makulli. Ba izini nake nema ba, kuma ba don ki ji tausayi na rubuto ba. Uwa ɗaya gare ni, wuri ɗaya ya rage. Na dai kasa riƙe maganar ni kaɗai, kuma ban da wanda zan faɗa wa sai ke.

Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wannan ba ta gidan waya za ta zo ba, na ba direba hannu da hannu, na ce in bai same ka a gida ba ya bi ka har ƙofar tashar. Ina fatan ta riga ƙarshen wata. Muna lafiya.

Kada ka ba mutumin nan makulli.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Wanda yake neman ya rabu da uwarsa ba ya ɗaukarta ya koma da ita ɗaki ɗaya a gindin injina. Na gane wannan tun kafin in kai ƙarshe. Maganganun da na faɗa maka na faɗe su, ba zan iya lashe su daga takarda ba, ka yi haƙuri.

Washegari na je wurin likitan Inna da wasiƙarka ta farko, na nuna masa sunan abin, don bakina ba ya iya faɗa. Ya ce e, akwai ta, kuma ita ce dai take fita daga bayan tirelolinmu. Na yi dariya a ofishin mutane har ya tsaya yana kallona. Ashe abu ɗaya muke ta gudu da tsohuwa daga wannan gari zuwa wancan. Na ce to wanne ya fi? Ya ce shi bai auna tudunku ba, amma in za ta dawo, kada ta sake kwana a ɗakin gaba, a nisanta ta da titi iya yadda gidan ya ba da hali.

Gidan kuwa ka san shi. Ɗaki ɗaya ne a baya, namu. Na yi wa Baban yara maganar mu bar mata shi mu koma na gaba, ya ce shekarunsa nawa yana biyan haya don ya ƙare a bakin titi. Yana da gaskiya. Da yamma na ga ya kira mai gyara yana kwance gadon. Har yanzu ba ya yi mini magana sosai, amma gadon ya koma gaba.

Ka je wurin Dogo ka tsayar da babur ɗin wannan karon. Ka kai shi wurin akwatin, ka kira matarsa ma ta ji. In bayan haka ya ce sai ya hau tudu, to ba da makullinka zai hau ba. Malama ma ka faɗa mata, ƙaiƙayin maƙogwaron nan nata ba tsufa ba ne kaɗai. Ku kuma da amarya ban san yadda za ku yi ba, ku dai rufe taga kafin Allah ya kawo wani ɗakin.

Kada ka gode mini. Ban yi da daɗin rai ba, kuma ban san inda zan samo ƙarfin ba. Ciwon bayan ya dawo tun kafin ita ta dawo. Ka dai kawo ta, da motar safe, ka zaunar da ita nesa da injin.

Za ta yi faɗa, za ta ce ana yawo da ita kamar kayan aro, za ta tambaye ka dalili. Kada ka faɗa mata hayaƙinka ne. Ka bar mata alfaharin da take yi da kai. Ka ce Yaya ce ta matsa, ta ce ta yi kewarta, gidan ya yi mata faɗi.

Ba duka ne ƙarya ba.

Yayarka.